Tasar Inna da Binciken Jandarma

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har tabarau sai jikoki sun nemo mini alhali yana bisa goshina. Amma Kirsimetin farko da na yi a gidan miji, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi inda kowa ya zauna da irin fuskar da ya yi.

Shekarar ce damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, soja kuma na kan mulki. Safe da yamma rediyo na gaya mana komai yana hannun hukuma, mu kuwa muna gyaɗa kai ciki na ƙugi. Ba a cewa "yunwa" da ƙarfi a lokacin. In ka faɗe ta a tasha, na kusa da kai zai ɗan matsa, ya waiga ya ga ko akwai mai kaki. Sai dai a ce shekara ta yi gardama. Maradi ta cika da mutanen ƙauye, kasuwa kuma ta cika da kayansu: tabarmi, galma, kwanukan jere, har ƙyauren ɗaki na ga an kawo sayarwa.

Ni amarya ce a lokacin, haifaffiyar Maradi. Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, muna haya a unguwar Zariya. Mahaifiyarsa, wadda duk muke ce wa Inna, tana garin Tsibiri, nan kusa da Maradi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da jikoki na wajen ƴarta da ta bi miji ci-rani Najeriya. Inna doguwar mace ce mai tsabta da taurin kai, in ta ɗaura zanen zuwa sujada sai ka rantse matar wani babban ɗan kasuwa ce. Ni dai ba ta gama karɓata ba. "Ƴar birni" take kirana, ta ce da ganin hannuna bai san taɓarya ba. Duk zuwan da muka yi, in za mu tafi mijina sai ya ce, "Inna, hatsi fa?" Amsarta kuma ba ta sakewa: "Ga rumbu can ruhe. Ku ji da kanku, ku da ke cin na awo." Sai mu dubi rumbu, mu ga hularsa daram a kansa, mu koma gida hankali kwance.

Abu ɗaya aka sani yana damun Inna, shi ne tasarta. Ban taɓa ganinta ba, domin ana saura kaɗan bikinmu ta ɓace, amma na ji labarinta har kunnena ya gaji. Babbar tasa ce ta tagulla mai murfi, an zana mata ganye-ganye, wajen uwarta ta gaje ta. Duk Kirsimeti a cikinta ake zuba shinkafa da nama a zaga gidajen maƙwabta Musulmi, kuma ba ta dawowa wofi, ko goro ne sai an jefa a ciki. Wata rana wata maƙwabciya ta shiga ɗakin Inna, ta ga gurbin tasa, ta tambaya. Inna ta ce, "An ɗauke." Iyakar abin da ta ce ke nan. Kafin la'asar magana ta zama ɓarawo ya haura katanga, kashegari har an samu waɗanda suka ji dirarsa.

Labari ya kai ga wan mijina, ɗan farin Inna, wanda jandarma ne, irin ƴan sandan nan na soja, a wani gari can gabas. Saboda kunyar ɗan fari Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta ma dubansa ido cikin ido, "wancan" take ce masa. Shi kuwa mutum ne da in ya ce "mu", ba danginsa yake nufi ba, gwamnati yake nufi. "Mun ɗauki mataki." "Mun hana ɓoye hatsi." Da ruwa ya sauka a shekarar, na tabbata da cewa zai yi su suka sa hannu aka sako shi. Ya zo Tsibiri takanas, ya auna tsawon katanga, ya tsare maƙwabta da tambayoyi har wasu suka daina gaida Inna, ya rantse sai ɓarawon ya ruɓe a gidan kaso. Daga nan ya saya wa uwarsa wani ƙaton kwaɗo na ƙofa ya koma bakin aiki. Ko tiya ɗaya ta gero bai kawo ba, tunda an ce rumbu a rufe yake.

Da Kirsimeti ya matso, matar fasto ta tara mu a zumuntar mata ta yi mana nasiha. Ta ce bana ba shekarar sabon kaya ba ce, kada wadda ta ji kunyar shiga gwanjo, abin da ake so dai kyauta ta zama mai ma'ana, wadda za ta taɓa zuciyar wanda aka ba. Mata suka bazama cikin dilolin bosho, wato kayan gwanjo. Wata ta saya wa mijinta kwat mai gashi a wuya, irin na ƙasar da ƙanƙara ke zuba, bawan Allah ya sa shi ranar Lahadi yana zufa yana godiya. Wata ta kai wa uwarta takalmi mai tsini, tsohuwar da ko silifa sai za ta gidan biki take sawa. Ni kuwa na taɓe baki, na ce ai na fi su tunani. Na ƙudura a raina sai na samo wa Inna tasa mai kama da wadda aka sace, in ga ko za a ƙara ce mini ƴar birni.

Akwai wata tsohuwar dillaliya da ke zaga gidajen Zariya da ƙunshi a ka, ana ce mata Hajiya. Tana da haƙorin Makka guda ɗaya, wanda magulmata ke cewa a Kano aka sa shi. Sana'arta gaba ɗaya rufin asiri ce. Kayan Jiratawa ta kai Tsibiri, na Tsibiri ta kawo Maradi, na Maradi ta kai Jiratawa, don kada mace ta je barkar haihuwa ta tarar ana shan fura a kwanonta. A shekarar kuwa ƙafarta ba ta hutawa. Na kira ta ɗaki, na kwatanta mata abin da nake nema. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ɗiyar ina ce?"

"Nan Maradi anka haihe ni, Hajiya."

"Uwarki da ubanki fa? Ba mai asalin Tsibiri cikinsu?"

"Ko ɗaya. Duk ƴan nan ne."

Ban yi ƙarya ba. Ita ce ba ta tambayi gidan da nake aure ba, ni kuma ban ga abin da ya haɗa sayen tasa da asalin mutum ba. Kashegari ta dawo da abu naɗe cikin tsumma. Da ta kwance sai da na riƙe baki. Ga tagulla, ga murfi, ga zanen ganye, kamar an bi kwatancena aka ƙera. Aibinta ɗaya, murfin ya ɗan lotsa ta gefe. Na haɗa ɗan abin da na kwasa na adashi da zane ɗaya cikin na lefena na ba ta. Na samu toka da tsamiya na yi ta dirza har ina ganin fuskata a jikinta, na naɗe cikin takardar siminti, na ɗaure da zare, na tura ƙarƙashin gado. Ko mijina ban nuna wa ba, domin shi magana ba ta kwana a cikinsa.

Ranar Kirsimeti muka yi sammakon zuwa Tsibiri da ƴar shinkafa da zakara ɗaya. Bayan an taso sujada muka taru a tsakar gidan Inna ƙarƙashin bishiyar bedi, maƙwabta suna shigowa gaisuwa. Yaya jandarma ya zo hutu, amma cikin kaki ya zo, da hula da takalmin nan nasu mai nauyi, kai ka ce majami'ar za a kama. Shi ya fara miƙa tasa kyautar: hotonsa ne cikin gilashi, yana sanye da kaki ya ƙame. Inna ta karɓa ba ta duba ba, ta ce an gode, ta kife shi bisa tabarma.

Sai ni na durƙusa na miƙa nawa ƙunshin, zuciyata na dukan murna. Inna ta ce, "Allah shi yi albarka," ta tura shi bayanta, yadda aka saba, sai baƙi sun watse a duba a ɗaki. Da an bar ta da al'adarta, da ta buɗe ita kaɗai, ta ga abin da ta gani, ta san dabarar da za ta yi. Amma ina. Mutumin da ya saba tsare motoci bisa hanya bai iya ganin ɗauri ya ƙyale.

"A buɗe," in ji Yaya. "Mu ƙunshi ba ya wuce mu ba mu ga cikinsa ba."

Gaskiya a raina na ji daɗi, domin so nake a gani. Shi da kansa ya tsinke zaren ya yage takarda. Tasa ta fito tana ɗaukar ido cikin rana. Mijina ya ce, "Kai!" Ni kuwa har lokacin murmushi nake, ina zaton kamar ce ta ba su mamaki. Na ce, "Inna, na ga tunda waccan ta ɓace, na ce bari in samo maki mai kama da ita."

Yaya ya ɗaga murfin, ya aza babban yatsa kan lotsawar nan. "Mai kama da ita? Wagga lotsawa ni na yi ta ina yaro, har kashi na sha a kanta. Ita ce." Ya juyo gare ni a hankali, fuskar nan ba alamar ya taɓa cin tuwona. "Madam, ina kinka samo kayan sata?"

Nan take na hango kaina a gidan kaso, uwata na kawo mini abinci cikin kwano. Mijina ya ce, "Yaya, a bi a hankali." Ya daka masa tsawa, "Yi mini shiru, nan ba lakwal ba ne!" Ban san lokacin da na ce dillaliya ce ta sayar mini ba, har da kwatancen haƙori. Matan da ke wurin suka dubi juna. Ashe Hajiya ƴar Tsibiri ce, gidanta na bayan na Inna, tun suna amare suke ƙawance. Yaya ya tafa hannu, ya ce dama ya faɗa tun farko, na gida ne ya yi wannan aiki. Ya sa a kira ta.

Inna, wadda tun da aka buɗe ƙunshin ba ta motsa ba, ta yi magana tana duban ƙasa. "A ce ma wancan shi bar maganar nan. Yau ranar murna ce."

"Mu ba mu da ranar murna," in ji shi.

Hajiya ta shigo da sallama, ta bi kowa da barka da sallah, ta samu gefen tabarma ta zauna. Ta dubi tasa, ta dube ni. Har yau in na tuna kallon nan sai na ji kunya ta rufe ni.

"Au, ƴar Maradi. Nan kike aure?"

"Nan ne, Hajiya."

"Tau. Laihina ne, ban tambayi miji ba."

Yaya ya tsaya a kanta, hannu a ƙugu. "Wa ya ba ki tasar nan?"

"Mai ita."

"Wane ne mai ita?"

"Ranka shi daɗe, tun kana goye nike wagga sana'a. Ban taɓa hwaɗin sunan mai kaya ba, ba kuma yau zan hwara ba."

"Kin san inda zan kai ki?"

"Na sani. A bari in aika a ɗauko mini bargona, an ce akwai sanyi can."

Wasu suka fara dariya, suka haɗiye ta. Domin a wancan zamani maganar ba ta wasa ba ce. In mai kaki ya ce zai kai ka, to ya kai ka, danginka kuma sai su yi ta zarya ba wanda zai ce musu ga ranar fitowa. Ga Hajiya tsohuwa, ga tari na damunta. Ya ce yau ɗin nan za ta kwana jandarmari a Maradi, can za ta tuna sunan. Abin da na lura da shi, duk wannan tambaya da ake yi, ko sau ɗaya Hajiya ba ta dubi inda Inna take ba. Ta dubi bedi, ta dubi kaji, ta dubi takalmin Yaya, amma ban da ƙawarta. Sai na waiga na dubi Inna. Ana sanyi amma goshinta ya jiƙe, tana ta murɗa bakin zanenta. A nan na fara gane abin da na ɗauko na kawo gidan nan.

"Tashi mu tahi," in ji Yaya.

Hajiya ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kama hanyar zaure yana biye da ita. Sun kusa fita sai Inna ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban jama'a. Mijina ya gaya mini daga baya tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yaya ya tsaya cak, ya juyo kamar wani ake kira ba shi ba.

"Saki baiwar Allah. Zo nan."

Ta tashi da kanta ta jawo tsani daga bayan ɗaki, ta jingina jikin rumbu. "Hau."

"Inna, mi ya..."

"Ba kai ne mai bincike ba? Ka auna katanga, ka tsare maƙwabta. Nan kaɗai ya rage maka. Hau."

Ya hau, takalmin nan na zamewa bisa tsani. Ya ture hular rumbun gefe, ya zura kai. Ya daɗe a haka, mu muna ƙasa ba abin da muke gani sai bayan wandon kaki. Babu komai a ciki. Ko zangarniya ɗaya babu, ƙasan ma an share shi tas, domin har tsintar ƙwayar da ta zube an yi. Ya sauko a hankali, bai dubi kowa ba.

Inna ta dube shi ido cikin ido. "Ka ga ɓarawon? Ni na kira ta da kaina, na naɗe tasa cikin zane na ba ta, ta kawo mini gero. Da shi jikokina sunka kawo yau. Kullum kuna tambayata hatsi daga bakin ƙohwa, ƙahwa ɗaya ciki ɗaya waje. Wace uwa ce za ta ce ma ɗanta babu, shi yana tsaye yana sauri? Kai kuma ka kawo mini kwaɗo. Mi zan kulle?"

Na fashe da kuka. Tausayi ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, na su da na kaina, mu da muke zuwa mu dubi hular rumbu mu koma. Mijina ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan rigarsa ta sallah. Yaya ya cire hula. Ranar na fara ganin ashe sanƙo ne da shi, ashe mutum ne kamar kowa. Ya ce, "Inna, ban sani ba." Ban taɓa jin ya yi magana da bakin kansa shi kaɗai ba sai ranar, gwamnatin duk ta watse ta bar shi.

Inna ta koma ta ɗauki tasa, ta jujjuya ta cikin rana. Ta dube ni ta ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Kin iya wanki. Tun uwata na da rai ba ta yi wanga ƙyalli ba." Sannan ta miƙa wa Hajiya. "Ungo, sake kai ta. Yanzu da ta yi haske ta hi daraja. Amma wannan karo ki tambayi inda mai saye ke aure."

Mata suka kwashe da dariya suna share ido. Yaya ya ce, "A bar tasa." Ya ja Hajiya gefe wajen zaure, ya rage murya, amma ina kusa, duk na ji. Ya kwance agogon hannunsa ya danƙa mata.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ki ga abin da wannan zai kawo na gero. Amma don Allah kada ki kai shi Maradi, abokan aikina sun san shi."

"Jiratawa zan kai."

"Kuma kada kowa ya ji nawa ne."

Hajiya ta ƙulle agogo a bakin mayafi, haƙorin nan ya ɗan leƙo. Ta ce, "Ranka shi daɗe, ai ɗazu ka gwada ni."

Da shinkafa ta nuna, Inna ta cika tasa, ta zuba rabin zakaran a kai, ta aza mini a ka. Gidan Hajiya na fara kaiwa, sannan na bi gidajen maƙwabtan da aka tsare da tambaya, Yaya na biye da ni ba hula yana ba da haƙuri gida gida. Yunwa dai ba ta ƙare ranar ba, rediyo ma bai sauya maganarsa ba. Amma daga watan nan, da an yi albashi buhu ke riga ƴaƴan Inna isa Tsibiri, kuma ba wanda ya ƙara tambayarta ko akwai.

Abin da na koya, kayan gwanjo ba daga sama suke faɗowa ba, kowanne akwai hannun da ya sake shi ba don yana so ba. Na kuma koyi cewa tsoho mai mutunci zai iya sayar da gadon uwarsa, ya bari a yi ta neman ɓarawo, da dai ya buɗi baki ya ce wa ɗansa babu. Shi ya sa har yau, in sallah ta matso, tamu ko ta maƙwabta, ba kasuwa nake fara zuwa ba. Gidan tsohon nake zuwa in zauna, in yi ta hira har in samu dalilin shiga madafa, in ɗaga murfin tukunya da hannuna. Abin da na gani a ciki shi ke gaya mini abin da zan saya.